Daftarin Tallafa wa Ɗan Lakwal Mai Naƙasa: A Karanta Kafin a Dangwala Yatsa

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi komawar yara lakwal takan faɗo daidai da kaka. Cikin watan Oktoba dammunan gero na jibge a gonaki, mata na roron wake, amalanke na kai da komowa tsakanin gona da rumbu, shi kuwa diraktan lakwal yana zaune gindin dogon yaro da babban littafinsa yana rubuta sunayen sabbin ɗauka. A irin wannan lokaci ne ake kawo masa yaran da ba a san yadda za a yi da su ba: wanda sanƙarau ya toshe wa kunne a bazarar da ta wuce, wanda ke jan ƙafa tun haihuwa, wadda ba ta ganin allo sai ta matso har hancinta ya kusa taɓa shi. A da amsa ɗaya ce, a ce wa uba ya koma da ɗansa gida, lakwal ba ta irinsu ba ce. Yau dokokin ƙasa ba su yarda da wannan amsa ba.

Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa doka mai lamba 93-012 domin kare naƙasassu. Dokar tsarin ilimi ta ƙasa, wadda malamai suka sani da sunan LOSEN, ta fito ranar 1 ga Yuni 1998, ta kuma tanadi ilimi na musamman domin irin waɗannan yara. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya hana a raba yaro da makarantar kowa da kowa saboda naƙasarsa, sannan a Disamba 2019 aka ƙara da doka mai lamba 2019-62. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na ƴan ƙasa suna da wata naƙasa. Makarantun da aka gina musamman dominsu kuwa ƴan kaɗan ne, duk a manyan birane: ta makafi ta Soly Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba a Yamai, sai makarantun kurame na Maraɗi da Damagaram, da wasu ajujuwa na makafi da aka raɓa a jikin lakwal-lakwal na wasu garuruwa. Daga Tasawa zuwa Maraɗi tafiyar kilomita kusan 120 ce, daga Mayahi kuma wajen 90. Uban da ke Urafan ko Gidan Amumun ba zai ɗauki ɗiya ƴar shekara bakwai ya kai ta birnin da ba shi da kowa ba. Ke nan ga mafi yawan yaran karkara, lakwal ɗin ƙauyensu ita ce kaɗai makarantar da za su taɓa shiga.

Rubuta sunan yaro cikin littafin dirakta abu ne mai sauƙi. Karantar da shi cikin aji mai ɗalibai sittin ko fiye, a hannun malamin da bai taɓa samun horo kan kurumta ko makanta ba, nan gizo ke saƙa. Domin haka ne masu aikin ilimin haɗaka, irin su ƙungiyar Handicap International da ta yi wannan aiki a Yamai da jihar Maraɗi, suke dogaro da wata takarda da ake yi wa kowane yaro shi kaɗai. A ƙasashe masu aiki da Faransanci ana ce mata projet éducatif individualisé. Takarda ce mai faɗin halin da yaron ke ciki, abin da ake so ya iya, taimakon da za a ba shi, da wanda zai ba da taimakon. Kafin ta zama tsari sai an yi daftarinta, kuma duba wannan daftari shi ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Inda abin ya samo asali

Amurka ce ta fara wajabta irin wannan takarda cikin dokarta ta 1975. Taron Salamanka na ƙasar Sifen, a Yuni 1994, ya yaɗa ra'ayin cewa makarantar kowa ita ce za ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. Faransa ta sa nata tsarin cikin dokar 11 ga Fabrairu 2005. A Ingila, bisa dokar 2014, hukuma takan aika wa uwaye daftarin, ta ba su aƙalla kwana 15 su duba, su faɗi abin da ba su yarda da shi ba, su kuma ambaci makarantar da suke so. Ƙa'idar can ta ce taimakon da aka rubuta ya zama an fayyace shi, a faɗi iri, a faɗi yawa, a faɗi mai yi. Ba a kai ga wannan ƙa'ida ba sai da uwaye suka sha gwagwarmaya da hukumomi a gaban alƙalai, domin an gano cewa jimla maras kai ita ce hanyar da hukuma ke bi ta zame wa alkawari. Idan haka ta faru a ƙasar da uwaye ke karanta takarda da kansu, ana iya kintatar abin da zai faru inda takardar ke cikin Faransanci, uban yaro kuma iyakarsa ajami.

Domin a ga yadda duban yake, a ɗauki misalin yarinya ƴar shekara takwas a wani ƙauye na Kanambakashe. Ta yi aji na farko, wato CI, lafiya lau, tana cikin masu ƙoƙari. Cikin watan Maris zazzaɓi mai zafi ya kama ta, wuya ya sanƙare, aka kai ta asibiti, Allah ya yi da sauran kwana, amma ta dawo gida ba ta amsa kira. Irin wannan labari ba baƙo ba ne a wannan shiyya. Annobar sanƙarau ta 1995 ta yi ɓarna mai yawa a Nijar, ta 1996 ta afka wa arewacin Nijeriya. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya lagon nau'in cutar da ya fi addabar Sahel, sai dai a 2015 wani nau'in ya ɓullo, ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga wannan cuta ɗaya yakan tashi da wata naƙasa mai ɗorewa, kuma toshewar kunne na cikin waɗanda aka fi gani.

Shafin farko: wace ce yarinyar?

Daftari yakan buɗe da bayanin yaro, kuma nan ne kuskuren farko ke shiga. Sau da yawa kalma ɗaya ake rubutawa, kurma, a wuce. Alhali kurumta hawa-hawa ce. Akwai wanda ba ya jin komai ko da an buga bindiga a bayansa, akwai mai jin ƙarar babur amma ba ya rarrabe magana, akwai wanda kunne ɗaya ne ya mutu ɗayan yana aiki, akwai kuma wanda mugunya ce ta cika masa kunne, magani na ƴan kwanaki zai sauƙaƙa masa. Taimakon kowane ɗaya daban ne da na ɗan'uwansa. Saboda haka tambayar farko da mai duba daftari zai yi ita ce: wa ya auna kunnen nan, yaushe, da me? Idan amsar ita ce malam ne ya tafa hannu a bayanta ba ta waiwayo ba, to ba a auna ba tukuna, kuma layin farko na tsarin ya kamata ya zama kai ta wurin likitan kunne, da sunan wanda zai raka ta da inda kuɗin mota zai fito.

Akwai kuma abin da likita ba ya gani, uwa ce ta san shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwa ta san ko ɗiyarta tana juyowa idan an daka sakwara ko an buga turmi, ta san wane gefe take karkato da kai idan ana magana, ta san ko muryarta ta fara canzawa, ta san wace ƙawa ce ke fahimtar da ita a bakin rijiya. Yarinyar da ta kurumce tana da shekara bakwai ta riga ta mallaki Hausa cikakkiya a bakinta da cikin kanta, kuma wannan ita ce babbar dukiyarta. Ta sha bamban da wanda aka haifa kurma bai taɓa jin kalma ba. Daftarin da bai ambaci shekarun da take da su lokacin da ciwon ya same ta ba ya bar abin da ya fi kome muhimmanci. Haka nan daftarin da ya cika shafi da abin da ba ta iyawa, bai ce ta iya lissafi ko tana da kyan rubutu ba, ya hana sabon malami sanin inda zai kama.

Jimlolin da ba su ɗaure kowa ba

Zuciyar takardar ita ce shafin manufa da na taimako, kuma a nan ya kamata a zauna a daɗe. Akwai wasu jimloli masu daɗin ji da marubuta irin wannan takarda ke so ƙwarai: za a ba ta kulawa ta musamman, za a taimaka mata gwargwadon hali, za a ƙarfafa mata gwiwa, za a nema mata kayan aiki idan an samu dama. Ba wanda zai ƙi su, kuma ba wanda za a kama da laifin saɓa su, domin ba su ce wa kowa ya yi kome ba. Duk inda aka ga “za a”, sai a tambaya: wa? Duk inda aka ga “a kai a kai”, sai a tambaya: sau nawa a mako, wace rana, minti nawa? Manufa irin “ta ci gaba a karatu” ba ta aunuwa. Wadda ke aunuwa ita ce a ce kafin hutun ƙarshen Disamba ta iya karanta kalmomi talatin da aka zaɓa, ta haɗa kowace da hotonta, ko ta iya tara lambobi har zuwa hamsin ba tare da tsakuwa ba. Ranar da aka dawo zama, kowa zai gani da idonsa ko an kai ko ba a kai ba.

Abin mamaki shi ne mafi amfanin taimakon da malamin ƙauye zai iya yi ba ya cin ko dala. Wurin zama: layin gaba, ɗan gefe, yadda kunnen da ya fi ji zai fuskanci malam, ita kuma ta iya juyawa ta ga fuskar ɗalibin da ke ba da amsa. Haske: ya faɗa kan fuskar malam, kada ya tsaya bakin ƙofa rana na bayansa, domin a ajin zana ko na kara hasken duka daga ƙofa yake shigowa. Ɗabi'ar malam: kada ya yi bayani yana rubutu a allo ya ba aji baya, abin da kusan kowane malami ke yi ba tare da ya sani ba. Abokiyar zama: yarinya ɗaya mai haƙuri da za ta nuna mata shafi da layi. Waɗannan duka a rubuta su filla-filla, ko da wani zai ce ƙananan abubuwa ne, domin ƙaramin abin da aka rubuta aka kuma yi ya fi babban da aka bar wa dama.

Sai dai kada daftari ya ɗora kome kan karatun leɓe. Mutane suna zaton kurma na iya ɗaukar magana duka daga bakin mai yi, alhali abin da ido ke kamawa kaɗan ne. A leɓe, baba da mama kusan abu ɗaya ne. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti da jan wasali: kuka ta miya da kukan yaro, gari na tuwo da garin da ake zaune ciki, kunne ne ke raba su, ido ba ya gani. Wannan a harshen da ta sani ke nan. Ina ga Faransanci, wanda ba ta gama jin sautinsa ba ciwo ya same ta, ga shi kuma rabin haruffan ƙarshen kalmominsa ba a furta su? Darasin shifta, inda malam ke faɗa yara na rubutawa, azaba ce kawai gare ta. Daftari nagari zai faɗi abin da za a ba ta a madadinsa, da yadda za a yi mata jarrabawa, in ba haka ba sifili zai yi ta taruwa a takardarta har a ce ba ta da kai.

Maganar hannu da na'urar kunne

A kan maganar hannu akwai tambayar da ba a cika yi ba: wace iri? Makarantun kurame na yammacin Afirka galibi suna amfani da alamun da suka samo tushe daga na Amurka, ta hanyar Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka wanda ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya kuma horar da malamai daga ƙasashe masu yawa na nahiyar. A gefe guda kuma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda wata masaniya Bajamusa, Constanze Schmaling, ta yi nazari a Kano ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Ban da waɗannan akwai ƴan alamun da kowane gida ke ƙirƙira wa ɗansa. Idan daftari ya ce za a koya wa yarinya maganar hannu bai faɗi wadda ake nufi ba, bai kuma faɗi mai koyarwa ba, zancen ya tsaya a takarda. Kuma koya wa yarinya ita kaɗai ba shi da amfani, da wa za ta yi? Sai an haɗa da malam, da abokan zamanta, da uwa. Kusan kowane babban ƙauye yana da kurma baligi, manomi ko maɗinki ko mai gyaran keke, wanda ya fi duk wani malamin lakwal sanin yadda ake rayuwa ba ji. Ƙasar da ta san sarkin makafi da sarkin guragu tun zamanin sarakuna bai kamata ta manta da irin wannan mutum ba ranar duban daftari.

Na'urar ƙara ji kuwa, wadda uwaye suka fi sa wa rai, ita ce ta fi saurin ba da kunya. Ƙaramin batirinta ba ya wuce mako ɗaya ko biyu, kuma ba a kasa shi a kasuwar ƙauye tare da na tocila. Ƙurar hunturu da gumin bazara suna toshe ta. Robar da ke shiga kunne sai an sake ta yayin da yaro ke girma. Wasu kunnuwan ma da sanƙarau ya lalata ba na'urar da za ta yi musu amfani. Layin da ya ce “a samar mata na'ura” bai cika ba sai an bi shi da wanda zai sayi batir, da inda za a kai gyara, da wanda zai duba kowace safiya ko tana aiki. In babu amsa, gara a faɗa wa uwaye gaskiya tun yanzu da a bar su su sayar da tunkiya.

Akwai layi ɗaya da ba a saba gani cikin irin wannan takarda ba, amma a jihar Maraɗi ba a bukatar a yi wa kowa dogon bayani a kansa. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta tashi a ajujuwan zana na wata lakwal a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, watanni bakwai bayan irin wannan gobara ta ci yara 20 a Yamai. Ajin kara yakan ƙone cikin ƴan mintoci, kuma abin da ke fitar da yara shi ne ihu. Wadda ba ta jin ihu, da wanda ba ya iya gudu, dole takardarsu ta faɗi wanda zai kama hannunsu, a kuma zaunar da su inda fita ba za ta yi wuya ba.

Wa ke zaune, wa ke sa hannu?

A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Duk da haka takardun lakwal galibi da Faransanci ake cika su, kuma abin da yakan faru shi ne dirakta ya taƙaita shafi uku cikin jimla biyu, ya miƙo tawada, uba ya dangwala yatsa cikin girmamawa ya yi godiya. Bakarkare ba ya musu da mushe a gaban mutane, tarbiyyarsa ke nan. Saboda haka nauyi na kan lakwal: a karanta daftarin layi-layi da Hausa, a bar uwaye su tafi gida da shi ko da na mako guda ne, su nemi wani ɗan kwaleji ya sake karanta musu, su yi shawara, sannan a dawo. Kwana 15 na Ingila ba su fi ƙarfin Tasawa ba, ba kuɗi suke ci ba.

Wurin sa hannu kuma yawanci na uba ne, alhali da an gama kaka maza da yawa na Mayahi da Tasawa sukan tafi cin rani, wasu Nijeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya, ba su dawowa sai gab da shuka. Wata shida ko bakwai na shekarar karatu uwa ce ko kaka ke tare da yarinyar. Idan ba ta cikin zaman, an yi yarjejeniya da wanda ba zai kasance nan ba. Ƙungiyar uwaye mata masu kula da karatun yara, inda take, ita ce ta fi dacewa ta raka ta, domin mace ta fi sakin baki idan akwai ƴan'uwanta a gefe. Kwamitin kula da lakwal, wanda jama'a suka saba kira COGES, shi ke riƙe da ɗan abin da ake tarawa, shi ke gina rumfunan aji kowace shekara, don haka duk layin da ke bukatar kuɗi ko aikin hannu ya kamata ya shiga tsarin aikinsa na shekara. Ita ma yarinyar a tambaye ta. Mai shekara takwas ta san wanda ke tsokanarta, ta kuma san wadda take so ta zauna kusa da ita.

Saura batun ranar dawowa. Malaman karkara da yawa ƴan kwantaragi ne, ana canza musu wurin aiki, wani ya samu wata hanya ya tafi tsakiyar shekara, wata ta tafi haihuwa. Tsarin da ke cikin jakar malami ɗaya yakan bi shi ya tafi, wanda ya gaje shi ya tarar da yarinya shiru a layin gaba, ya mai da ita baya domin ta fi sauran tsawo. Don haka a yi kwafi uku, ɗaya wurin dirakta, ɗaya wurin uwaye, ɗaya ya tafi ofishin sufeton ilimi na gunduma, yadda mai ba malamai shawara zai san abin da zai duba idan ya zo rangadi. A ƙasan shafin ƙarshe a rubuta ranar da za a sake zama, da watanta, kafin hutun Disamba, a kuma zaɓi ranar da ba ta faɗo kan kasuwar garin ba.